Idan Allah ya kai ka Hiroshima

Kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne na haɗa Filin Tunawa da Zaman Lafiya da tsibirin Miyajima a yini guda. Kada ka yi haka. Wanda ya fito daga gidan tarihin bam ɗin nukiliya da ke filin ba ya da sauran marmarin ɗaukar hoto da barewar tsibirin. Ka ware wa filin yininsa shi kaɗai.

Daga Osaka, jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, zai kai ka cikin kusan awa ɗaya da rabi. A tashar Hiroshima ka hau taragon kan titi mai lamba 2 ko 6, ka sauka a Genbaku Dome-mae. Kana sauka za ka ga kangon ginin nan mai ƙubba, wanda aka gina a 1915 don baje kolin kayan kasuwanci. Amma kafin ka tsaya a gabansa, ka ratsa lungun da ke bayansa, tafiyar minti biyu zuwa uku. A gefen wani ƙaramin asibiti akwai allo da mutane ke wucewa ba su lura da shi ba. A saman nan, wajen mita 600 a sama, bam ɗin Amurka ya tashi da ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta, 1945. Ɗaga kai ka dubi sama, sannan ka dawo wa ƙubbar. Iskar fashewar ta sauko mata kusan tsaye ne, shi ya sa bangonta bai kwanta duka ba.

Daga nan ka tsallaka gada ka shiga filin. Ni shawarata, nufi gidan tarihin da sassafe, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, yen 200 na biya. A ciki kada ka dage sai ka karanta kowane allo, ba za ka iya ba. Tsaya a kan abubuwa kaɗan: keken wani yaro ɗan shekara uku da ya ƙone, kwanon abincin ɗan makaranta wanda abin cikinsa ya zama gawayi, da matakalar banki mai inuwar mutumin da ke zaune a kai. Kimanin mutum 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen 1945, amma keken nan ya fi adadin tsaya mini a rai. Mutane ba sa ɗaga murya a ciki, kai ma ka sa wayarka shiru.

Idan ka fito, tsaya daidai gaban dutsen tunawa mai rufi kamar sirdi, inda ake ajiye sunayen matattu. Leƙa ta cikinsa: wutar zaman lafiya da ƙubbar duk suna kan layi ɗaya, haka mai zanen gine-gine Kenzo Tange ya tsara. An kunna wutar a 1964, da alkawarin ba za a kashe ta ba sai an kawar da makaman nukiliya a duniya. Har yau tana ci.

Za ka ga gorunan ruwa a gindin wasu duwatsun. Ba shara ba ce, kada ka taɓa. Waɗanda suka ƙone ruwa suke ta roƙo har suka cika.

Kowa na zuwa wurin mutum-mutumin yara, saboda Sadako Sasaki, yarinyar da ta tsira daga bam ɗin amma sankarar jini ta kashe ta a 1955 tana shekara 12, mai naɗa gaurakin takarda. Je ka, amma ka ƙarasa arewacin filin, wurin tudun ciyawar da ke ɗauke da tokar mutum kusan 70,000 da ba a gane su ba. Kusa da shi akwai dutsen tunawa da 'yan Koriya da bam ɗin ya kashe, wanda ya daɗe a wajen filin, sai 1999 aka shigo da shi.

Maganar ciki kuma: abincin garin shi ne okonomiyaki, wata irin waina ta fulawa da kabeji, kuma galibi da naman alade ake yin sa. Tambaya kafin a zuba a kasko.