Shirya gidan haya a Jamus: abin da za ku duba kafin ku sayi ko kujera ɗaya

Gidan haya a Jamus yawanci wayam ake ba da shi. Sau da yawa babu kicin: ba murhu, ba kabad, ba wurin wanke-wanke, sai bututun ruwa a jikin bango. A silin ma wayoyi za ku tarar a maimakon fitila. Don haka ranar karɓar makulli ku zo da tef ɗin awo da fitilar hannu, ku ɗauki hoton kowane tabo da tsagewa, a rubuta su a takardar miƙa gida da ake kira Übergabeprotokoll. Ita za ta cece ku ranar fita, domin kuɗin jingina, da mai gida ke riƙewa ya cire kuɗin gyaran ɓarna daga ciki, na iya kai hayar wata 3.

Kada ku yi sayayya irin ta jeren amarya, a cika ɗaki a rana ɗaya. Ɗakunan ƙanana ne, tsofaffin gine-gine da yawa ba su da lif, matakalarsu kuma matsattsiya ce. Ku auna ƙofa da kwanar bene tukuna. Katifa da gado a fara da su (na mutum biyu 160 ko 180 ne a faɗi, 200 a tsawo, da santimita), sai labule da fitilu. Sauran kaya a bi su a hankali a Kleinanzeigen, shafin intanet na sayar da kayan hannu, inda ake samun teburi da kabad masu kyau da araha, wasu ma kyauta. Katifa da kujerar laushi dai a saye su sababbi, saboda kuɗin cizo.

Babban abin da ke ɓata gida shi ne fumfuna, kuma tsarin kayanku na da hannu a ciki. Bangon da ke fuskantar waje yana yin sanyi a hunturu. Tururin girki da wanka da shanyar cikin ɗaki yana sauka a kansa ya zama laima. In aka manna kabad ko kan gado da wannan bango, iska ba ta ratsawa, bayan 'yan makonni sai baƙin tabo da wari. Ku bar tazarar santimita 5 zuwa 10. Ku buɗe tagogi gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, ko da ana sanyi. Barin taga a ɗan karkace yini guda sanyaya bango kawai yake yi. Labule mai kauri ko kujera kada su rufe hita. Ƙaramar na'urar auna danshi ba ta da tsada. In ta wuce kashi 60, a buɗe taga.

A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, shi ya sa haske ne rabin kwalliyar gida. Farar fitila guda a tsakiyar silin tana mai da falo kamar ɗakin asibiti. Gara fitilu uku a kusurwoyi daban-daban, da ƙwai mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa. Murhun lantarki kuwa, mai gyaran wuta ne kaɗai zai haɗa shi.

Bango a bar shi fari, domin in kun yi masa fenti mai ƙarfi za a nemi ku mayar da shi kafin ku tashi. Launi ya fito daga abin da kuka zo da shi: tumtum na fata, faifai uku a jere, ƙyallen rini na Ƙofar Mata a firam. Darduma mai kauri tana ba da wurin zaman ƙasa da baƙi, tana kuma rage ƙarar taku ga maƙwabcin ƙasa. Wurin salla a ware shi tun farko. Alƙibla kudu maso gabas take.

Huda bango ba a yin sa ranar Lahadi ko bayan ƙarfe 10 na dare. A banɗaki a huda tsakanin tayil, kada a huda tayil ɗin kansa. Turaren wuta a sa shi a kaskon lantarki, nesa da na'urar gano hayaƙi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari mai kisa, kuma cire batirin na'urar don kada ta yi ƙara ganganci ne da rayukan kowa a ginin.