Yadda Ake Zama da Jama'a Kafin a Kawo Sabon Abu a Babban Layin Wuta

Ranar da muka fara tashin jirgi marar matuƙi don duba turakun wani babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132, ba mu kai turke na huɗu ba dattawa uku suka tare mu a bakin gona. Muna riƙe da izinin hukumar sufurin jiragen sama, muna da na jami'an tsaro, na'urar kuma tana aikinta yadda ake so, tana nuna mana kusoshin da aka kwance da tangaran ɗin riƙe waya da ya tsage ba tare da mutum ya hau sama ba. Babbansu bai nemi ganin takarda ba. Cewa ya yi, "Injiniya, a garin nan ko magini zai hau rufin ɗaki sai ya aika wa maƙwabta. Wannan abin naku mai ido, wa ya yi masa sallama?" Layin ya bi ta bayan gari, kuma daga sama ana hango tsakar gidaje inda mata ke daka da wanki. Gaskiyarsu ce. Muka naɗe kayanmu, aikin kwana biyu ya koma na mako uku.

Tun daga lokacin nake ɗaukar zama da jama'a a matsayin wani sashe na aikin injiniya, daidai da auna ƙasa da zuba kankare. Ga yadda nake bi, musamman don matasan da za a tura fili da sabuwar fasaha a hannu.

Kafin ka fita daga ofis, ka iya faɗin abin da ka kawo cikin jimla biyu da Hausar da mai sayar da goro zai gane. Idan sauya waya za a yi, ka ce turakun nan suna nan yadda suke, za a cire tsohuwar waya a ɗaura wadda ke ɗaukar wuta mai yawa ba tare da ta lanƙwaso ƙasa sosai ba idan ta yi zafi. Idan wayar saman nan ce mai kare tsawa za a maye da mai zaren sadarwa a cikinta, ka ce ita za ta riƙa kai labarin layin zuwa ɗakin kula da wuta na ƙasa da ke Osogbo, don a san inda matsala take ba sai an bi daji da ƙafa ba. In ka kasa faɗinsa haka, kai ma ba ka gama fahimtarsa ba, ka koma ka tambayi wanda ya zana.

Daga nan sai abin da na fi ba muhimmanci. Ka ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A dama ka rubuta abin da ba zai sauya ba ko da sarki ne ya roƙa. Ƙa'idar Najeriya ta ware wa layi mai kilobolt 330 faɗin mita 50, wato 25 ta kowane gefe, mai 132 kuma mita 30, kuma ba a gini a cikin wannan fili saboda rai ake karewa. A hagu ka rubuta abin da bakin jama'a zai iya juyawa: watan da za a shiga gona, hanyar da manyan motoci za su bi, ranar da za a ɗauke wuta, wa za a ɗauka aikin ƙarfi, wa zai ga hotunan da jirgi ya ɗauka, ko za a iya gusar da turke 'yan mitoci don a kauce wa rijiya ko maƙabarta. Idan ka duba hagun takardarka ka ga ba komai, to kada ka kira taron da sunan neman shawara. Ka ce sanarwa ka kawo. Mutanen karkara suna gane bambancin tun kafin ka gama gaisuwa, kuma wanda ka taɓa kiransa shawara bayan an gama yanke magana ba zai sake barin gonarsa ya zo maka ba.

Su wane ne masu ruwa da tsakin? A sama, sai ka san yadda gidan wuta ya rabu. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta karkasa tsohuwar Nepa, a 2013 aka fara miƙa kamfanonin raba wuta goma sha ɗaya da yawancin tashoshin samarwa ga 'yan kasuwa, manyan layukan dako kuma suka zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin kamfanin dakon wuta na ƙasa, TCN. Hukumar NERC ce ke sa ido kan kasuwar, hukumar NEMSA ke duba ingancin aiki, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin, don haka yanzu gwamnatin jiha ba baƙuwa ba ce a maganar. Duk abin da ka taɓa a layin da ya shiga babbar tashar Kumbotso a Kano, KEDCO mai raba wuta a yankin za ta ji a jikinta, masana'antun Sharada da Challawa da Bompai ma haka. Waɗannan suna da ofis da lambar waya, ba su da wuyar samu, wasiƙa da zama ɗaya ko biyu sun wadatar.

Masu wuyar samu su ne na ƙasa, kuma a nan ake yin kuskure. Hakimi da dagaci da mai unguwa kowa ya san da su. Amma mutumin da ke noma gonar sau da yawa ba shi ne mai ita ba, aro ko haya ko jingina ya karɓa, kuma shukarsa ce mota za ta taka. Akwai arɗo, domin layuka da yawa suna ratsa burtali, makiyayi kuma ya fi kowa sanin turken da aka fara kwance wa ƙarfe tunda kullum yana wucewa ta gindinsa. Akwai masu injin niƙa da masu walda da masu ƙanƙara, waɗanda yini ɗaya babu wuta ke nufin babu cefane. Akwai mata, da ba za su zo dandali su yi magana a gaban surukansu ba, sai ka nemi mace a cikin tawagarka ta shiga gida ta zauna da su, ko a makarantar Islamiyyarsu. Akwai kuma ma'aikatanka na layi, masu hawa turke. Idan suka ji an sayo jirgi mai duba layi ba wanda ya yi musu bayani, abin da za su fahimta shi ne ana shirin sallamarsu. Ka fara da su. Su suka san inda iska ke kaɗa waya da inda tsuntsaye ke sheƙa, kuma daga cikinsu ya kamata a koya wa wasu tuƙa na'urar.

Tsarin shiga gari ba a yi masa gaggawa. Ka fara da fadar hakimi, kai da kanka, ka ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne ke tafe, ba mu so ka ji shi a bakin wani." Shi zai haɗa ka da dagatai. Ka roƙi limamin Juma'a ya yi sanarwa, inda akwai coci a yi a can ma. Kada ka sa taro ranar kasuwa, kada ka sa shi da safe a damina lokacin da kowa ke gona, bayan la'asar ya fi. Ni na daina kai mutane ɗakin taro na otal a birni. Duk wanda aka ɗauko a mota aka ba kuɗin hanya, godiya zai yi ya koma gida da maganarsa a ciki. A ƙofar fada ko ƙarƙashin bishiya, bisa tabarmarsa, zai gaya maka abin da ke ransa.

Ka tafi da abin a hannu. Guntun tsohuwar waya da guntun sabuwa, a ba kowa ya ɗaga ya ji nauyinsu. Jirgin nan da ya jawo mana tsaiko, da muka dawo sai muka ajiye shi a gaban dagaci, muka tashe shi a filin makaranta, dattawa suka leƙa allon suka ga abin da yake gani. Su da kansu suka kawo mafita: a tashe shi ta gefen daji idonsa na kallon waya, a yi shela kwana ɗaya kafin nan, ɗan gari guda ya tsaya kusa da mai tuƙi, duk hoton da gida ya fito a ciki a goge shi a gabansa. Wannan tsarin ya fi wanda za mu iya zanawa a ofis, kuma shi na riƙa bi a sauran garuruwa.

Akwai tambayar da ba ka da makawa sai an yi maka, ka shirya mata da gaskiya: "Wuta tana wucewa ta kanmu, mu kuma muna kwana a duhu, me ya sa?" Amsar fasaha ita ce wutar da ke saman nan ba ta shiga gida. Sai an sauke ta a babbar tasha daga kilobolt 330 zuwa 132, zuwa 33, sau da yawa zuwa 11, kafin taransifomar unguwa ta mai da ita wadda ƙwan fitila zai ɗauka, kuma daga 33 zuwa ƙasa aikin kamfanin raba wuta ne. Amsar daidai ce, amma ba ta kashe ƙishin mai tambaya, kuma ina ganin yana da hakkin jin haushi. Abin da nake yi shi ne in gayyato wakilin kamfanin raba wuta na yankin ya zauna kusa da ni, in kuma nuna wa mutanen gari yadda za su rubuta wa Hukumar Samar da Wuta a Karkara da ƙaramar hukumarsu. Abin da ba na yi ko kusa shi ne alkawarin taransifoma ko rijiyar burtsatse da ba na cikin kasafin aikin. Na taɓa gadon irin wannan alkawari daga wani ɗan kwangila da ya riga ni wucewa ta wani gari, kuma wata huɗu muka yi ana hana motocinmu shiga saboda maganar da ya furta ya manta.

Maganar diyya a yi ta a fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta fi karkata ga biyan abin da ke kan ƙasa, wato amfanin gona da itatuwa da gini, don haka ƙidaya ita ce komai. A ƙirga kowace mangwaro da ɗorawa da kuka a gaban mai ita da mai unguwa, a ɗauki hoto, a karanta masa adadin da babbar murya, ya tafi gida da kwafi. Kuɗi ya shiga hannun mai shi kai tsaye. Inda ayyuka ke da rancen Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka, sharuɗɗansu sun tilasta a kafa hanyar kai ƙorafi, kuma ko babu su ka kafa taka: littafi guda a wurin dagaci, lambar waya da ake ɗauka, da ranar da za a ba da amsa. In hali ya yi, a shiga gona bayan kaka kafin ruwan farko, amma a tuna da masu noman rani a fadama, su lokacin ne nasu ke tsaye.

Ɗauke wuta don aiki shi ma shawara ce. Sauya waya yana buƙatar a kashe layi, wani lokaci na kwanaki. Ka zauna da asibitin yankin da hukumar ruwa da masu masana'antu ku zaɓi ranakun tare. Kada ka sa shi a tsakiyar zafin Afrilu idan da yadda za a yi, balle ya haɗu da azumi. Ka sanar ta rediyo da Hausa, ka faɗi ƙarfe nawa za a ɗauke da ƙarfe nawa za a dawo da ita, idan kuma aiki ya zarce ka koma rediyon ka faɗi dalili.

Wasu abokan aiki suna ganin duk wannan ɓata lokaci ne. Ina tuna musu Oktoban 2024, lokacin da lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, da kuma Maiduguri da aka raba da babban layi a Janairun 2021 bayan an karya turakun hanyar Damaturu. Wani ɓarnar ta 'yan bindiga ce, ba ta hannun mutanen gari ba, amma satar ƙarfen turke a hankali take farawa, kusa ɗaya yau, sanda ɗaya gobe. Na'urar tsaro da za ka maƙala wa turke za ta yi ƙara a ɗakin kula da ke nesa, wanda zai fara isa wurin kuwa manomin da gonarsa ke gindin turken ne, in yana ganin layin a matsayin abin da aka yi shawara da shi a kai. Da ɗan gari akan ci gari.

Wasu ƙasashen sun sa abin cikin doka. A Birtaniya, hukumar Ofgem mai sa ido kan kasuwar makamashi ta sa, a 2013, tuntuɓar jama'a cikin ma'aunin da take auna kamfanonin layi da shi, har da ladan kuɗi ga wanda ya yi da kyau. Sababbin turakun ƙasar masu siffar harafin T, masu tsawon mita 35, da aka kafa a Somerset kan layin tashar nukiliya ta Hinkley Point C, sun fito ne daga gasar zane ta 2011, saboda mutane sun daɗe suna kukan cewa tsofaffin turakun ƙarfe suna ɓata musu kyan karkara. Damuwarmu daban ce da tasu, mu gona da diyya da sirrin gida ne a gabanmu, amma ina fatan ganin ranar da hukumominmu za su riƙa tambayar kamfani abin da ya sauya a aikinsa sakamakon zama da jama'a, ba yawan tarukan da ya yi ba.

Matakin ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: komawa. Mako biyu ko uku bayan taro, ka dawo wurin da kuka zauna da takarda ɗaya a hannu, da Hausar boko, da ajami in akwai masu karanta shi. Ka karanta: kun nemi abu bakwai, mun yi huɗu, ga su, biyu ba za su yiwu ba, ga dalili, ɗaya yana gaban shugabanni, zan kawo amsarsa ranar kaza. Ka bar kwafi wurin dagaci da liman da shugabar mata. Bayan an kunna layin, a damina ta gaba, ka sake zuwa ka duba ko an cike ramukan da aka tona, ko hanyar da motoci suka fasa ta zama kwazazzabo, ka kuma tambayi arɗo ko shanunsa suna wucewa ta burtalin kamar da.