Keke marar feda: yadda za ka zaɓa wa ƙaramin yaro wanda zai hau da gaske

Kafin ka shiga kasuwa ko ka fara duba hotuna a Jumia da Jiji, ka fara aro tef ɗin awo a wajen tela ko wajen maman yara in tana ɗinki. Wannan tef ɗin shi zai raba ka da asara, wallahi. Ni na farko da na saya wa babbar 'yata ban auna komai ba, kala kawai na gani, ja mai kwando a gaba da 'yan igiyoyi masu sheƙi a hannu, ga ƙananan tayoyin nan biyu na gefe, mai shago ya ce min ai za ta girma ta same shi. Ta girma ɗin kuwa, amma kafin nan keken ya yi shekara guda a sito yana cin ƙura, don ko ta hau ƙafarta ba ta kaiwa ƙasa kuma nauyinsa ya kusa nata.

Keken da nake magana a kai shi ne wanda ba shi da feda, ba sarƙa, ba tayoyin gefe. Ƙafa biyu ne kawai da sirdi da kai. Masu sayarwa a intanet balans baik suke ce masa, da wannan sunan za ka nema. Yaro yana zama ne a sirdi ya dinga tura kansa da ƙafafunsa, yau da gobe sai ka ga ya ɗaga ƙafa yana tafiya a haka. Mutane da yawa in sun gani sai su ce wannan ai keke ne da ba a gama haɗawa ba, har wani maƙwabcina ya tambaye ni ko an sace fedar ne. Amma abin da ke ba yaro wahala a koyon keke ba taka feda ba ne, tsayuwa a kan taya biyu ne ba tare da ya faɗi ba. Mai tayoyin gefe feda yake koya wa yaro, kuma yana saba masa da jingina a kan tayar gefe har a kwana, ranar da aka cire su sai a koma farko, kana riƙe da sirdi kana gudu a bayansa kana haki. Shi kuwa wannan, abu mai wuyar yake fara koyarwa. Kuma ba sabon abu ba ne fa, keken da Bajamushe Karl von Drais ya ƙera a 1817 a Mannheim haka yake, na katako ne ba feda, manya ke hawa suna turawa da ƙafa, feda sai wajen shekarun 1860 ta shigo a Faransa.

Toh ga yadda ake awon. Sa wa yaron takalmin da zai dinga hawa da shi, ka tsayar da shi ya jingina bayansa da bango, ƙafafu a ɗan buɗe. Ɗauki littafi mai kauri ka sa a tsakanin ƙafafunsa ka ɗaga shi sama a hankali har ya tsaya kamar yana zaune a kai, sai ka auna daga saman littafin zuwa ƙasa. Ba zai tsaya cak ba, na sani, a ba shi biskit ko a sa yayarsa ta ɗauke masa hankali, kuma a auna sau biyu. Wannan lambar ita ce za ka tafi da ita. Sirdin keken in an sauke shi har ƙarshe dole ya kasance ƙasa da lambar da kamar inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Autana da na auna shi yana shekara biyu inci 12 da rabi na samu, ka ga kenan keken da sirdinsa ba ya sauka ƙasa da inci 14 ba nasa ba ne, ko da an rubuta shekara 2 zuwa 5 a jikin kwali. Kar ka yarda da shekarun da ke jikin kwali, yara 'yan shekara biyu ba tsayinsu ɗaya ba, wani dogo ne wani kuma ɗan dukurkur.

Abin da kake nema shi ne in ya zauna tafin ƙafarsa duka biyu su taka ƙasa sosai, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Ba ɗage ba. Wannan ya bambanta da keken manya da ake ɗaga sirdi sama, nan ƙafar ita ce feda kuma ita ce birki, in yana ɗage da 'yan yatsu tsoro zai ji ya sauka ya bar maka abinka. In kuma sirdin ya yi ƙasa da yawa har gwiwa ta lanƙwashe kamar mai zaman tsuguno ba zai iya gudu da shi ba.

Sai ka duba iya inda sirdin ke kaiwa sama, don yaro a wannan shekarun girma yake kamar masara a damina. Misali Strider mai taya inci 12, na kamfanin nan na Amurka da Ryan McFarland ya kafa a 2007 bayan ya haɗa wa ɗansa irin keken, sirdinsa yana farawa daga wajen inci 11, shi ya sa har ɗan wata 18 yana iya hawa in dai ya iya tafiya da kyau. Ba cewa nake sai ka sayi shi ba, tsadarsa a nan ba ƙarama ba ce, kawai dai ka san irin lambar da za ka tambaya. Akwai Puky na Jamus da Woom na Ostiriya, su ma a kan ci karo da su a kayan gwanjo, sauran da suka cika kasuwa kuwa 'yan Chana ne kuma a cikinsu akwai masu kyau akwai tarkace. In ta intanet za ka saya, ka ce mai kayan ya sauke sirdin har ƙasa ya ɗora tef ya turo maka hoto ta WhatsApp. In ya ce ai duk ɗaya ne, wuce gaba.

Bayan tsayi sai nauyi, kuma nan ne yawancin iyaye muke faɗuwa don mu a wajenmu abu mai nauyi shi ne mai ƙwari. Ɗan shekara biyu nauyinsa kusan kilo 12 ne. Ka ba shi keke mai kilo 6, ka ba shi rabin nauyinsa kenan, ka yi tunanin kai mai kilo 70 a ba ka keke mai kilo 35 a ce ka koya da shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce kar keken ya wuce kashi 30 cikin 100 na nauyin yaron, wato ga ɗan shekara biyu kilo 3 zuwa 3 da rabi ya isa. Gwajin mai sauƙi ne, kwantar da keken a ƙasa ka ce ya ɗaga. In ya iya tayar da shi da kansa ba kuka ba neman taimako, to ya yi. Kuma ka tuna kai ne za ka ɗauko shi a hannu ɗaya da yaron a ɗaya hannun ranar da ya gaji a tsakiyar hanya, kuma zai gaji ɗin.

Na alminiyam ya fi rashin nauyi kuma ba ya tsatsa, na ƙarfe ya fi arha amma in an bar shi a tsakar gida damina ɗaya za ka ga tsatsa a noti da sandar sirdi. Na katako yana da kyan gani a hoto, ni dai ba na ba da shawararsa, sirdinsa mataki biyu ko uku kawai yake matsawa kuma katako ba ya shiri da ruwa da rana irin tamu.

Taya kuma iri biyu ce. Akwai ta soso mai tauri wadda ba a sa mata iska, akwai ta iska mai tiyub irin ta keken manya. Ta soso ba ta faci har abada, ba ruwanka da famfo, ga rashin nauyi, in a kan siminti ko intalok na cikin gida yaron zai yi wasa ita ce daidai, musamman ga ɗan ƙarami sosai. Matsalarta tana santsi a kan tayil, kuma a hanya mai tsakuwa da gargada duk jijjigar a jikin yaron take ƙarewa, in ta cinye kuma sai dai a canja ƙafar keken dungurungum. Ta iska ta fi kama ƙasa, ta fi laushi, in layinku ba kwalta ita za ka fi jin daɗi, sai dai tana ƙara nauyi kuma inda akwai ƙaya ka shirya zama abokin mai faci. Abu ɗaya da za ka duba a ta iska shi ne bawul, a ƙaramar taya bakin famfo ba ya samun wajen shiga in bawul ɗin miƙaƙƙe ne, mai lanƙwasa ya fi. Girman taya kuwa inci 12 shi ne na yawancin yara daga shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu, inci 14 na wanda ya fara a makare ne ko dogon yaro ɗan shekara huɗu zuwa biyar.

Birki ba dole ba ne a farko. Yaron da bai kai shekara uku ba da ƙafa zai tsaya ko akwai birki ko babu, hannunsa bai da ƙarfin matsawa. In akwai gangara a unguwarku ko yaron ya haura uku to nemi mai birkin hannu na baya, ka gwada matsa shi da ɗan yatsanka ƙarami, in ya yi maka tauri shi ma ba zai iya ba. Kuma tunda ƙafa ce birki, a manta da silifas. Takalmi rufaffe mai rufe yatsu, kuma ka sa a ranka gabansa zai cinye da wuri, kar a sa masa na Sallah.

In kana gaban keken a shago, juya kan hagu da dama ka ji ko yana tafiya sumul, ɗaga ka juya tayoyin ka ga ko suna rawa, shafa hannu a jikin noti na tayar baya don wasu suna fitowa waje su dinga kartar ƙafar yaro in yana gudu. Robar hannu ta kasance mai ɗan faɗi a ƙarshe, in ta yage bakin ƙarfen ya fito to haɗari ne ranar da ya faɗi a kai, wannan a na gwanjo aka fi samu kuma roba ba ta da tsada, a canja kawai. Tsakiyar keken ya zama ƙasa ƙasa yadda zai ɗaga ƙafa ya haye da kansa. Su fitila da kiɗa da wajen ɗora ƙafa duk ba su dame ni ba, wajen ɗora ƙafar ma in ya fito da yawa bugun agara yake.

Wani zai ce me zai hana in kai keken da ke gida wajen mai gyara ya cire feda. Ana yi, kuma ga yaro ɗan shekara huɗu ko biyar dabara ce mai kyau, sufana mai lamba 15 ta isa, sai dai a tuna fedar hagu a juye take kwancewa, kar a yi ta murɗawa ana ƙara ɗaure ta. Haka na yi wa babbar daga baya. Amma ga ɗan shekara biyu ba ya yi, kekunan nan sun yi nauyi kuma sirdinsu ba ya sauka yadda ake so.

Hular kwano kam a saya tare da keken rana ɗaya, in ya fara hawa ba hula ba zai yarda da ita ba daga baya. Da tef ɗin nan dai za ka auna zagayen kansa ta saman gira. Ta zauna daidai a kai ba ta koma ƙeya ba, tsakaninta da gira yatsa biyu, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya ya iya shiga. In ya sauka zai hau bishiya ko lilo a cire masa, igiyar tana iya maƙalewa. 'Yan mata a sa musu wando, doguwar riga da dogon hijabi suna shiga taya.

Ranar farko kar ka sa rai da yawa. Zai tsaya ne da keken a tsakanin ƙafafunsa ya dinga tafiya da shi ko zama ba zai yi ba, wani ma kallo ɗaya zai yi masa ya koma wajen kwalin. Ƙyale shi. Bayan kwanaki zai zauna yana takawa, sannan ya fara sauri, sannan wata rana ka ga ƙafa biyu a sama. Nawa ya yi kusan wata biyu yana jan abin kamar akuya kafin ya zauna, ɗan ƙanwata kuma sati ɗaya. In za ka taimaka kar ka riƙe kan keken ko sirdi, riƙe yaron ta kafaɗa ko bayan riga, don shi ne ya kamata ya ji keken yana karkata ya gyara. Waje mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe ya fi, cikin yashi taya nutsewa take. Da yamma bayan la'asar ya fi daɗi, kuma kar a bar keken a rana, baƙin sirdin nan zafi yake ɗauka sosai.

Ƙofar gida ita ce abin tsoro na gaske. Da zarar ya iya ɗaga ƙafa gudunsa ya fi ƙarfin tafiyarka, sai ka yi sassarfa kafin ka kamo shi, ga kwata a bakin layi ga babura da adaidaita sahu da ba sa ganin abu mai tsayin gwiwa. Tun a tsakar gida ka koya masa tsayawa, ka ce tsaya ya dire ƙafa biyu, a mayar da shi wasa har ya zauna masa. A duba sirdin duk bayan wata biyu ko uku, in ka ga gwiwa ta fara lanƙwashewa da yawa a ɗaga shi kaɗan, a kuma bi notin taya da na kai da sufana don jijjiga tana kwance su.