Koyarwa ta Hanyar Aikin Bincike: Inda Malamai Suka Fi Yin Tuntuɓe

A wannan hanya, ɗalibai suna koyon darasi ne ta yin aikin bincike don amsa wata tambaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mai da aikin binciken ya zama ado a ƙarshen darasi. Malami ya gama babin gurɓatar ruwa, ya yi jarrabawa, sannan ya ce yara su zana fosta. Ai wannan maimaici ne kawai aka yi wa kwalliya. Tun a 1918, lokacin da William Kilpatrick, almajirin masanin ilimi John Dewey a Amurka, ya yi rubutu kan wannan hanya, abin da ya jaddada shi ne aiki mai manufa wanda ɗalibi ya sa zuciyarsa a kai. Don haka a juya tsarin. Tun ranar farko a jefa wa aji tambaya, kamar "Yaya za mu gane ko ruwan da muke sha a makaranta yana da tsabta?" Darasin ƙwayoyin cuta, awo da lissafin kaso sai su shigo lokacin da yaran suka ga suna buƙatarsu. Tambayar da za a amsa da leƙa intanet sau ɗaya ba ta isa ta riƙe aji makonni ba.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne malami ya naɗe hannu da sunan bai wa yara 'yanci. A 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi gargaɗi cewa sabon mai koyo yakan ruɗe idan babu isasshen jagoranci, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Yaron da bai san yadda ake tsara tambayoyin hira ba, ba zai gano da kansa ba. Sai an nuna masa. A raba aikin mataki-mataki, kowane mataki da ranar dubawa, a riƙa tsayar da aji don gajeren darasi duk inda aka ga sun cije.

Sai matsalar rukuni: mutum ɗaya ya yi aikin, kowa ya kwashi maki. A ba kowa nauyinsa a rubuce, a ware makin rukuni da na ɗaiɗaiku, a kuma yi wa kowane ɗalibi tambaya shi kaɗai.

Haka nan kada maki ya tsaya kan kyawun abin da aka kawo a ƙarshe. A ba su ma'aunin maki tun farko, a karɓi daftari, abokansu su yi masa gyara, su sake. Idan kuma iyaye ko wani masani zai zo ya saurari sakamakon, za ka ga ƙwazonsu ya canza.

Akwai samfuran ayyuka a shafukan intanet na harkar koyarwa, PBLWorks da Edutopia. Amma kada a kwafo su ɗungurungum. Yawancinsu an tsara su ne kan manhajar karatu ta Amurka. Ka fara rubuta abin da manhajarka ta ce yara su iya, sannan ka yanke duk ɓangaren samfurin da bai kai su can ba.