Yawon jirgi a kogin Yamai da ƙunshin kilishi: kurakuran da ƴan Maraɗi suka fi yi

Wanda ya tashi a Maraɗi ruwa iri biyu ya sani. Akwai gulbinmu, wanda yake zuwa da damina ya cika kwari, rani na yi ya bar mana rairayi da fadama. Har yau tsofaffi suna ba da labarin ambaliyar 1945, wadda ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu. Akwai kuma tafkin Madarunfa, ruwa a kwance, kana ganin gaɓa ta kowane gefe. Da wannan sanin mutum yake hawa mota ya yi tafiyar wajen kilomita 660, ya ratsa Madawa da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Dosso, ya sauka Yamai, wani ɗan'uwa ya ce masa gobe da yamma za mu je yawon jirgi. Kogin Kwara kuwa, wato kogin da ya bi ta Yamai, ya taso tun daga tsaunukan Gini, tsawonsa ya haura kilomita 4,000, ya ratsa Mali kafin ya iso mana. Yawancin kurakuran da ake yi a kansa daga auna shi da gulbi da tafki suke fitowa.

Babbansu shi ne na lokaci. A wurinmu ruwa da damina tare suke tafiya, shi ya sa mutum yake zaton watan Agusta ne lokacin ganin kogi a cike. A Yamai kogin sau biyu yake cika. Cikar farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankin da kuma rafuffukan da suke gangarowa daga Burkina Faso, irin su Sirba da Dargol da Goruwal. Ruwan nan ja ne, mai laka, yana tahowa da itace da ciyawa, kuma yana iya tashi cikin dare ɗaya. Shi ne ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai cikin Satumbar 2020, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. Wannan ba lokacin kai yara yawo ba ne. Ga kuma hadari, wanda iska take riga shi isowa daga gabas. In ka ga gabas ta yi ja ko ta yi baƙi kana kan ruwa, ka ce wa mai jirgi a nufi gaɓa mafi kusa, kada ka tsaya lissafin kuɗin da ka riga ka biya.

Cika ta biyu ita ce ta mai yawo. Ruwan da aka yi a Gini da damina yana shafe watanni yana bazuwa a fadamun tsakiyar Mali, sai ya iso Yamai bayan mun gama girbi, ya kai ƙololuwarsa wajen Janairu. A lokacin da gulbin Maraɗi ya zama hanyar amalanke, a lokacin ne kogin Yamai yake da faɗi, ruwansa ya tace, yana tafiya a natse. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka shirya zuwanka. In ka bari sai Mayu ko Yuni, za ka tarar da tsibiran yashi da duwatsu a waje, jirgi yana kartar ƙasa, wani wurin ma sai an sauka an tura. A 1985 kogin ya taɓa daina gudu gaba ɗaya a Yamai saboda fari. Sai dai hunturu yana da nasa sharaɗin: ranar da hazo ya yi kauri ba za ka ga faɗuwar rana ba, kuma sanyin kan ruwa ya fi na tudu, don haka ka riƙo rigar sanyi ga yara.

A cikin yini ma ana kuskuren sa'a. Mutane suna fita da rana tsaka don shi ne lokacin da suka gama hidimar da ta kawo su gari, sai hasken ruwa ya dame su, su dawo da ciwon kai. Ka yi sallar la'asar a tudu sannan ka shiga. Ka tuna Yamai tana yamma da mu sosai, rana tana faɗuwa a can bayan ta Maraɗi da kamar minti 20, saboda haka ka bi kiran sallar garin, kada ka bi lokacin da jikinka ya saba. Ka yi shawara da mai jirgi a kan ku dawo gaɓa kafin duhu, domin yawancin ƙananan jiragen ba su da fitila.

Sai ciniki. Mu mutanen kasuwa ne, ba a koya mana tayi, amma a bakin kogi ana yin cinikin rabi. A ce jikka kaza, a ce na sallama, a shiga. Kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka? Zuwa ne kawai ko har da dawowa? Har ina za a kai, kuma tsawon wane lokaci? In jirgi mai inji ne, man yana ciki? Duk wannan a tudu ake warware shi, a gaban wanda ya rako ka, da fara'a. Gardamar kuɗi a tsakiyar ruwa ba ta da daɗi ga kowa, kuma tana ɗauke hankalin mutumin da rayukanku suke hannunsa. Ka riƙe canji. Kada kuma ka matse shi har ya rasa riba, domin wanda aka matse shi ne zai nemi ƙarin fasinja ya cika jirgin fiye da kima.

Wannan cikawar ita ce abin da ya fi ba ni tsoro, kuma ita ce aka fi raina wa. Haɗurran jiragen da muke ji a wannan kogi, daga Mali har Nijeriya, kusan kullum labarin iri ɗaya ne: lodi ya yi yawa, ko an yi tafiyar dare, kuma babu rigar kariya mai hana nutsewa. Kafin ka sa ƙafa, ka tsaya ka duba. Bakin jirgin nawa ya rage tsakaninsa da ruwa? In bai wuce tafin hannu ba tun kafin ku shiga, ku jira wani. Ka leƙa cikinsa: ɗan ruwa a ƙasan kwalekwalen katako ba abin damuwa ba ne, shi ya sa za ka ga gwangwani ko guntun jarka a ajiye don kwashewa, amma in ka ga yaron jirgi bai huta da kwasa ba tun yana gaɓa, wannan jirgin yoyo yake. Ka tambayi rigar kariya, ka sa ta, ka ɗaure, ko da kana jin ka iya iyo. Iyon tafki daban, iyon ruwa mai gudu da babbar riga a jiki daban. In ba su da ta yara, yara su tsaya a tudu tare da wani babba. Na san wannan maganar tana da nauyi in an riga an yi musu alkawari, amma kukan yaro na yamma ɗaya abu ne mai wucewa.

In an shiga, a zauna inda mai jirgi ya nuna, a bar masa rabon nauyi. Kada kowa ya karkata gefe ɗaya don an ga wani abu, kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Hajiya ta tattara mayafinta kada ya ja ruwa ko ya kusanci inji.

Game da hanya, ka roƙi a fara haurawa sama, a dawo da gangara. Kogin yana shigowa Yamai daga arewa maso yamma, saboda haka a tafiya za ku fuskanci rana, mai tuƙi yana aiki da sauran ƙarfinsa. A dawowa ruwa ne zai ɗauko ku, rana tana bayanku tana haska gari. In kun tashi daga kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, kuka haura ta gefen Yantala, za ku nufi gadar Janar Seyni Kunce ta 2021. Gadar 2011 kuwa, wadda Sin ta gina, tana ƙasa ta wajen Gamkalle. A ɗaya gaɓar Harobanda ce, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Amma abin kallon na gaske yana bakin ruwa. Masu wanki suna buga tufafi a kan dutse, sun shanya su jere a ƙasa launi-launi. Masu lambu suna ɗibar ruwa suna ba salati da kabeji. Masunci yana tsaye a ƙarshen kwalekwalensa, ya tattara birgi a kafaɗa, ya juya jiki sau ɗaya ya watsa, ragar ta buɗe ta faɗa ruwa. Dab da magariba jemagu suna tasowa daga itatuwan gari su bi sama garke-garke. Wanda ya shafe tafiyar yana kallon allon waya bai ga ko ɗaya ba.

Hoton ma da ƙa'idarsa. Fadar shugaban ƙasa da wasu wuraren tsaro suna kusa da kogin, kuma ba a ɗaukar su. Ka tambayi mai jirgi inda ya kamata ka mayar da waya aljihu, ya fi ka sani. Mutanen da suke wanka ko wanki kuma ba kayan kallo ba ne, ka yi sallama, in sun yarda ka ɗauka.

Kusan kowane baƙo yana son ganin dorina, kuma akwai su a kogin. Kuskuren shi ne matsa wa mai jirgi: Baba, ɗan ƙara matsawa, ga ƙarin kuɗi. Dorina tana tsare wurinta, mai ɗa kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tana iya nutsewa na wasu mintuna ta ɓullo inda ba a zata ba, kuma kifar da kwalekwale ba komai ba ne a wurinta. In mai jirgi ya ce nan za mu tsaya, nan ɗin ne. Haka nan masu son a zarce har Bubon, garin tukwane da kasuwar Laraba mai nisan kamar kilomita 25 a sama da Yamai, su tuna da zarar an fita birni an shiga jihar Tilaberi, wadda sassanta da dama suke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. A tambayi mutanen gari halin da ake ciki a ranar, kada a dogara da labarin wanda ya je shekarun baya.

Yanzu abin taɓawa. Ɗan Maraɗi ba ya fita yawo hannu sake, kuma nan ma ana wuce gona da iri. Za ka ga an sauko da kula cike da shinkafa da miya, ko dambu da zogale yana naso da mai, ga faranti ga cokula. Jirgi yana rausaya, miya ta zube, hannu ya yi maiƙo, babu wurin wankewa. Dambun Yamai da kwaɗon zogalensu suna da daɗi ƙwarai, haka soyayyar karfasa da giwan ruwa, amma a tudu ake cin su bayan an sauka, inda mutum zai zauna ya cire wa yaro ƙaya a natse.

Abin da ya dace da jirgi shi ne kilishi. Ba ya zuba, ba ya neman cokali, ana yaga a miƙa wa na kusa. Sai dai a zaɓe shi da kula. Iri uku ne aka sani a ƙasar nan: ja, da fari, da rumuzu. Ja da fari an tsoma su a labu na tunkuzar gyaɗa da kayan yaji, rumuzu kuwa mai da gishiri da ɗan yaji ne kawai, shi ya sa ya fi sauƙi ga yara da wanda bai son zafi. Ka ɗaga fallen ka duba: mai kyau siriri ne, ya bushe, yana karyewa ko ya yage ba tare da danƙo ba, ƙamshin gyaɗa da hayaƙi yake yi. In ka ji warin tsohon mai ko ka ga farin fumfuna a lungunsa, ka ajiye. Ka sa mai kilishi ya ɗan gasa maka shi a kan wuta, ya yayyanka ƙanana tun a wurinsa, ya naɗe a takarda. Masu sayowa tun daga hanya suna ƙulle shi a leda, ya kwana cikin zafin mota, ya yi gumi ya saki; in za ka taho da shi daga gida, takarda ce maganin. Garin yajin da ake barbaɗawa kuma ka bar shi a ƙulle sai an sauka, domin iskar kogi tana kwasarsa ta zuba a idon wanda yake bayanka. Cukwi da dabino da soyayyar aya duk suna tafiya da kilishi lafiya lau.

Kilishi yana kawo ƙishi, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba a ganin sakamakonsa sai daga baya. Mutum ya miƙa hannu ya ɗebi ruwan kogi ya kurkure baki, ko ya bar yara suna wasa da ƙafa a ruwan gaɓa mai ciyawa kafin jirgi ya tashi. Ruwan da ya ratsa birni ba na sha ba ne, kuma tsargiya ta fata take shiga, a irin wannan ruwan gefe marar gudu inda dodon koɗi yake zama. Ka taho da ruwan sha isasshe a gora, da wani ɗan na wanke hannu, da zoɓo ko lemun citta mai sanyi in kana so. In yaro ya shiga ruwan, bayan wasu makonni ka ga jini a fitsarinsa, ka kai shi likita ka faɗa musu inda ya je. Maganin yana nan kuma ba shi da wuya.

Ledar ruwa da takardar kilishi da gorar da ta ƙare, ka haɗa su a jaka ka fito da su. Tun 2014 akwai dokar hana irin wannan leda a Nijar, amma duk wanda ya dubi bakin kogin ya san inda take ƙarewa, a cikin ragar masunta da cikin dabbobi.

Kada kuma a ci a bar mai jirgi yana kallo. Ka yago masa rabonsa da na yaronsa tun farkon buɗe ƙunshin, ka ce Baba bismilla. Yawancinsu suna jin Hausa ko da Zabarmanci ne harshensu, wasu ma Sarkawa ne da suka gaji sana'ar ruwa kaka da kakanni. Ka tambaye shi inda ruwa ya kai a shekarar ambaliya, da wane kifi ne ya yi ƙaranci yanzu, da inda dorina take kwana. In ya riƙe ku da kyau, ka karɓi lambarsa, domin wani ɗan Maraɗin zai tambaye ka wa zai nema in ya je.