Yadda ake saka ƙaramin kwan LED a fitilar gaban mashin ba tare da ya ƙone ba

Yaranmu masu aikin tausil, wato kai wa mutane saƙo gida, a nan Jidda kusan duk sati sai wani ya kawo min dabbab ɗinsa, wato mashin, yana cewa kawu na sa kwan LED kwana uku ya mutu, mai shago ya cuce ni. Wallahi yawanci ba laifin mai shago ba ne. Ƙaramin kwan nan nake nufi, wanda ke gefe cikin fitilar gaba, ba babban ba.

Kafin ka sayi komai ciro tsohon ka tafi da shi shago. Iri biyu ne za ka fi gani, T10 mai gindi shafaffe da ake turawa kawai, an rubuta W5W a jikinsa, sai BA9s mai gindin ƙarfe da ake murɗawa, a tsofaffin mashina. Ka sayi gajere. Dogayen nan masu ido da yawa ba sa shiga ramin, in ma sun shiga zafin babban kwan yana dafa su. Kuma kar ka biya kuɗin wanda aka rubuta Canbus, na motoci ne masu kwamfuta, a mashin zafi kawai yake ƙarawa, ga shi garin nan lokacin zafi ana haura digiri 40.

To ga inda kowa ke faɗuwa. Murɗa makulli, kunna fitila, amma kar ka tayar da inji. In ƙaramin kwan ya kama, wutarsa daga batir take, DC ce, ba ka da matsala. In bai kama ba sai ka buga mashin ya tashi, kuma hasken na ƙaruwa in ka ba da wuta, to kai tsaye daga koyil mai samar da wuta a inji take zuwa, AC ce mai kaiwa da komowa, kuma haka ƙananan mashina da yawa irin su Honda CG 125 da 'yan China masu kwaikwayonsa suke. Tsohon kwan mai zare ba ruwansa, ko wacce aka ba shi yana ci. LED ba haka yake ba, ta hanya ɗaya wuta ke bi ta cikinsa, shi ya sa za ka ga yana ƙifta ido a silo, ka hau titi ka murɗa totur wutar ta yi sama ta kashe shi. Ni kaina kwan huɗu na ƙona a nawa kafin na gane, har na je na yi wa mai shago faɗa, bawan Allah ya sake ba ni wani kyauta, shi ma bai kai Juma'a ba.

Gyaran da nake yi shi ne in raba ƙaramin kwan da layin koyil gaba ɗaya. Ka buɗe kan fitilar, a wayarin irin na Honda koriyar waya ita ce at, wato nagatif, baƙa kuma ita ke kawo 12V bayan an murɗa makulli. Amma kar ka yarda da kala, musamman mashin da hannu goma suka taɓa, ka sa mitar auna wuta ka tabbatar. Yanke wayar wuta ta soket ɗin ƙaramin kwan, ka naɗe ɓangaren da ya fito daga koyil sosai, ɗayan ka haɗa da baƙar ta hanyar ƙaramin fiyus, amfiya 2 ya isa. Kar ka ɗauko daga jar waya ta batir kai tsaye, zai kwana a kunne da safe ka tarar batir ya sauka. Wasu suna sa rektifaya da kafasita a tsohon layin don su mayar da AC ta koma DC, yana aiki, ni dai ba na so, tarkace ne cikin wurin da dama ya cika da wayoyi. Kuma ka yi soda ka sa robar nan mai tsukewa da wuta, salatif a zafin Jidda wata ɗaya ya saki.

Sai sakawa. Gwada shi a soket kafin ka sa cikin fitilar, in T10 ne bai kama ba ciro ka juya shi ka mayar, ba lalacewa ya yi ba. Siraran wayoyin da ke gindinsa ka ɗan buɗa su da farce don ya kama soket gam, in ba haka ba rami ɗaya za ka faɗa a titi ya zame cikin fitilar, sai ka cire babban kwan ka kife ta kana girgizawa. In ramin fitilar ya matse, goga shi kaɗan da zarto mai zagaye, bakin ramin na kallon ƙasa don kada gari ya zuba ciki, kuma kar ka sa yatsa kan madubin ciki ko gilashin babban kwan.

Kala kuwa fari kawai, wanda aka rubuta 6000K. Shuɗi da ja ka bar wa masu su, murur, 'yan sandan hanya, za su tsayar da kai, mukhalafa ɗaya, wato tara, ta cinye kuɗin tausil na kwanaki. Mayar da robar soket ta zauna daidai saboda ƙura, ɗaure kusoshi, tayar da mashin ka auna batir, tsakanin 13.5V da 14.5V ake so. In ya haura 15 to regileta mai daidaita wutar caji ce ta mutu, canza ta kafin ka fita.