Ruwa a cikin jirgi, ruwa a cikin giyar inji: kurakuran sababbin masu jirgin inji

Duk shekara da ruwa ya cika, daga Yauri har Malale a tafkin Kainji, sai sababbin masu jirgi su fito, kowa da injin Yamaha 40 ɗinsa na hannu, kafin wata uku kuma su dawo bakin gaɓa da kuka iri ɗaya. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, gara in rubuta.

Na farko, neman yoyo a inda ruwa ya kwanta. Ruwa gangara yake bi. Yana iya shiga ta goshin jirgi ya taru a baya, kai kuma ka yi ta malkwaya kwalta a wurin da lafiyarsa lau. Ni yadda nake yi, in kwarfe ruwan tas, in goge da tsumma, in barbaɗa toka a bakin kowane katako, in zauna inji a kashe. Inda toka ta fara yin duhu, nan ne. In ba ta jiƙe ba sai an tashi tafiya, duba allon baya inda inji ke rataye, domin girgiza na buɗe ramukan ƙusa. In kuma sai an yi lodi, haɗin katakon sama ne da ya bushe. Jirgin da ya sha hunturu a tudu kuwa, bar shi ya kwana biyu a ruwa katako ya kumbura kafin ka cusa masa auduga.

Amma ruwan da ke cin dukiya ba wanda ka gani a ƙarƙashin ƙafarka ba ne, wanda ya shiga giyar inji ne. Bayan farfela akwai sil na roba da ke tsare man giya. Zaren fatsa ko guntun taru ya naɗe a nan, yana juyawa yana yanka robar a hankali, mai na fita ruwa na shiga, injin kuma yana ta kukansa daɗi ba ya nuna komai. Kwance notin ƙasa na giyar ka ga abin da zai fito. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, kuma sake mai kawai ba magani ba ne, sai an sake sil. Cire farfela a duba bayanta bai kai minti goma ba, ni duk Juma'a nake yi. Wai wannan ne ke gagarar mutane!

Sai zuba man, inda nan ne raina ke ɓaci. Ta ramin ƙasa ake matsa shi, mai lamba 90, har ya tumbatso ta ramin sama. Sannan a toshe na sama tukuna, a zare robar man da sauri a toshe na ƙasa, kowane da sabuwar wosha. Wani yaro da na taɓa ɗauka ya ga wannan wahala ce, ya ɗura ta sama. Iska ta tare, ramin ya nuna ya cika alhali ko rabi bai kai ba. Ranar kasuwa, jirgi cike da buhunan shinkafa, giya ta yi ƙara ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Da muka buɗe, haƙora sun tsinke, ƙarfe ya yi shuɗi don zafi. Da na tambaye shi sai ya ce, “Maigida, ai na ga ya cika.” Kuɗin gyaran ya cinye ribar damina guda. Don Allah, in ba ka tsaya a kai ba, kada ka ce an zuba.

Masu tayar da inji a tudu don mai saye ya ji ƙara, ku ji tsoron Allah. Imfela, fankar da ke tura ruwan sanyaya inji, roba ce, ruwa ne ke sanyaya ta, daƙiƙoƙi kaɗan a bushe sun isa su ƙone ta. In fitsarin inji, wato ruwan sanyaya da yake tsartuwa waje, ya tsaya kana tafe, kashe nan take, ɗaga ƙafar injin, wato ɓangaren da ke cikin ruwa, ka cire leda ko kainuwa.

Kada ka sa bakin man mota a fetur; sai man inji mai bugu biyu, kashi 1 cikin 50. Ɗaga ƙafar inji kafin ka shiga yashi. Tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, don haka farfela ta biyu da fil ɗinta su zauna a akwati.

Masu ƙananan jiragen fayiba da injinsu ke ciki, ƙafa a waje, irin na MerCruiser da Volvo Penta, ku naku abin tsoron daban ne: robar nan mai lanƙwasa da ke haɗa ƙafa da jikin jirgi. Ɗaga ƙafar, murɗa ta hagu da dama, ka bi kowane ninki da yatsa. Tsaga ɗaya a nan tana iya nutsar da jirgi yana ɗaure cikin dare. Ni ko ba ta tsage ba, in na taɓa na ji ta yi tauri, cirewa nake yi.